Zuwa Roma ko jiran Fafaroma ya zo Najeriya?

Tun da aka fara maganar tafiya Roma a cocinmu mutane ke ta tambayata, wai su tara kuɗi su je ko su jira shi a gida.

To jira dai ba ya cin kuɗi, amma fa yana cin shekaru. Fafaroma John Paul na biyu ya zo a Fabrairun 1982 zamanin Shagari, har Kaduna ya naɗa sababbin fada-fada, wato limaman coci, babata tana wurin kuma har yau in tana ba da labarin sai ta yi hawaye. Bai dawo ba sai Maris 1998 lokacin Abacha, da ya ɗaukaka marigayi Fada Tansi zuwa matsayin mai albarka kusa da Onitsha. Shekara 16 kenan tsakani, ga cunkoso da rana in ya zo ɗin.

Roma kuwa kusan duk Laraba Fafaroma mai ci yana fitowa a dandalin St. Peter, tikitin ma kyauta ne, wahalar tana wurin bizar Italiya da kuɗin jirgi da masauki, kuma ana iya hana ka bizar bayan ka kashe kuɗi.

Mai hali da lafiya, musamman dattijon da shekaru suka ja, ya daure ya je Roma. Mai iyali da kuɗin makaranta a wuyansa ya jira, in aka sanar da ziyara ko a maƙwabta ne kamar Kotonu a 2011, mota ma ta isa.