Gidan abincin Indiyawa a Filato: kindirmon da suke kira "curd"

A makon jiya kawuna ya zo Yamai daga Tawa domin ganin likita, kuma da muka gama da asibiti sai na kai shi wani ƙaramin gidan abincin Indiyawa da ke unguwar Filato, wanda abokan aikina suka daɗe suna yabawa. Mai dafuwar Ba'indiye ne, masu kawo abinci kuma yaranmu ne na gida. An rubuta takardar abincin da Ingilishi da Faransanci, kalmar "curd" ta fito a wurare da dama, kuma duk inda ta fito an fassara ta da kalmar Faransanci mai ma'anar cuku. Da na karanta wa Kawu haka sai ya gyara zama, domin mutumin Adar idan ya ji cuku, abin da ke zuwa masa a rai shi ne busasshen cukun nan mai faɗi da ake kawowa daga wajen Abalak, wanda ake ɓantara a sha da shayi.

Abin da aka kawo mana a ƙaramin kwano fari ne mai kauri, an yanka kokwamba da albasa a ciki. Kawu ya ɗiba da cokali, ya ɗanɗana, ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, ai wannan kindirmo ne." Yaron ya russuna ya ce, "Haka ne, Baba, su dahi suke ce masa."

Kuskuren na fassara ne, kuma yana da tushe. A Ingilishin Ingila, "curd" shi ne gudajin da madara ke yi idan ta tsinke, wanda ake tacewa a yi cuku da shi. A Indiya kuwa kalmar ta koma sunan dahi, wato madarar da aka tafasa, aka bari ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta, aka zuba mata cokali guda na dahin jiya, aka rufe ta kwana. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tsohon nonon su ne ke mayar da zaƙin madarar tsami, ita kuma ta daskare. Duk wanda ya taɓa ganin Bafillatana tana barin ɗan ragowar nono a ƙwarya kafin ta zuba sabuwar madara ya san wannan aikin. Abin da ya yi kama da cuku a wurinsu paneer ne, wanda ake samu idan aka matsa lemun tsami a tafasasshiyar madara, aka tace a ƙyalle, aka danne da abu mai nauyi, kusan yadda matanmu ke yin awara da waken soya. Saboda haka mai girkin da ya ga "curd" a bayanin girkin Indiya ya je ya sayo cuku, ya ɓata tukunyarsa tun kafin ya hura wuta.

Inda gidan ya yi fice shi ne kazar tanderu, wadda suke kira tandoori. Mai dafuwar ya fito ya gaishe mu, kuma da na tambaye shi sai ya ce tun daren jiya yake jiƙa naman a cikin dahi da citta da tafarnuwa da tonka. Tsamin nono yana tausasa nama a hankali, ba kamar lemun tsami ba wanda ke ƙona bayan naman ya bar cikinsa da tauri, sannan kaurinsa yana riƙe yajin a jikin kazar har ta shiga wuta. Cinyar da aka ba ni ta ɗan babbake a gefe, amma da na ja ta da yatsa naman ya rabu da ƙashi, yajin kuma ya ratsa har ciki. Kawu, wanda haƙoransa suka fara ba shi wahala har ya daina cin kilishi, ya cinye rabonsa bai ce uffan ba, kuma a wurinsa wannan babban yabo ne. Haka ma biryani, dafa-dukar da birnin Haidarabad ya shahara da ita, inda a can ma da dahi ake jiƙa naman kafin a lulluɓe shi da shinkafa.

Kwanon farko da muka ɗanɗana, wanda sunansa raita, shi ne bai gamsar da ni ba. Aikin raita shi ne kashe zafin tonka, domin maiƙon nono da sinadarinsa suna wanke yajin daga harshe, abin da ruwan sanyi ba ya iyawa. Na wannan gidan ya yi tsami fiye da kima, ruwa kuma ya kwanta a samansa. Ina ganin dalili biyu ne. Na farko zafin Yamai, wanda ke sa nono ya kama cikin 'yan sa'o'i, ya kuma zarce idan an ɗauke wuta firji ya tsaya. Na biyu, yaron ya gaya mini da madarar gari suke yin nasu. A Indiya, ƙasar da ta fi kowace samar da madara a duniya, kaso mai yawa na madarar na bauna ce ta gida, wadda ta fi ta saniya maiƙo nesa ba kusa ba, shi ya sa dahinsu ke tsayawa a cokali. Ban ce su nemo bauna a bakin kogin Kwara ba, amma madarar shanun Azawak tana nan, kuma Fulani suna shigo da madara Yamai kowace safiya daga wajen Kollo da Hamdallaye. Da sun ƙulla ciniki da su, da raitarsu ta fi haka.

Kadhi, miyar da ake yi da dahi da garin wani irin wake nasu, ta yi laushi ba ta tsinke ba, wanda ke nuna mai dafuwar ya san hannunsa, domin nono idan ya ji wuta mai ƙarfi gudaji yake yi, sai an burge shi da garin an kuma rage wutar. Lassi mai sukari, abin shan mutanen Panjab, an sa masa sefa 1,500 kofi guda, kuɗin da ni dai na ga ya yi yawa ga abin da bai wuce nonon da aka dama ba. Kawu ya zaɓi chaas, tsinkakken nono mai gishiri, wanda a asali shi ne abin da ke saura bayan an kaɗe man shanu, daidai da tsalar da ake dama fura da ita. Ya sha rabi, ya ce gishiri a nono baƙon abu ne a wurinsa, sannan ya shanye sauran.

Mu biyu mun biya sefa 17,000, an kuma ɗauki kusan minti 40 kafin kazar ta iso, don haka mai sauri ya yi waya tukuna. Zan koma saboda kazar da kadhi, kuma zan je da rana, lokacin da dahin bai daɗe da kamawa ba. Kafin mu fita na nuna wa mai wurin layin da aka rubuta cuku, na ce ya mayar da shi "lait caillé" yadda kowa a Nijar zai gane, ya ɗauko biro ya gyara a takardar teburinmu, sauran takardun kuma ya ce sai an sake bugawa.