Ofishin zane ko filin gini: ina sabon injiniya zai fara?

A ofishin zane, sabon injiniyan gine-gine yana koyon lissafin nauyin da gini zai ɗauka, da kaurin rodi, da aiki da manhajoji irin su AutoCAD da ETABS. Babban injiniya na duba masa aikinsa, kuskure kan tsaya a takarda. Illar ofis ita ce zanen abin da ba ya ginuwa. Wanda bai taɓa tsayawa wurin zuba kankare ba sai ya cunkusa rodi a mahaɗar bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) da ginshiƙi har tsakuwa ta kasa wucewa, a kwance katakon da aka zuba kankaren a ciki a tarar da ramuka.

A fili kuwa, ido ne ke aiki. Kafin a zuba kankare zai duba tazarar rodi da katako, domin in ta yi kaɗan danshi zai kai ga ƙarfe ya yi tsatsa. Zai hana leburori ƙara ruwa don kwaɓi ya yi laushi, tunda hakan na rage ƙarfi. Zai ɗebi samfurin kankare a mazubi mai milimita 150, a matse shi da inji don gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28. Sai dai rigimar ɗan kwangila da jiran kaya kan cinye ranar, lissafi ya dushe a ka.

Shi ya sa komawa fili daga ofis ya fi sauƙi a kan komawa ofis daga fili. Mai burin zama injiniyan zane gara ya fara da ofis, ya riƙa roƙon a tura shi duba aikin da ya zana.