Kamshaf ɗin da na raina shi ya gyara mini Camaro

Na daɗe ina son rubuta wannan, sai na ce bari a ci wata takwas tukuna, don kada ɗokin sabon abu ya sa ni zuba yabon da zan zo ina janyewa. Motata Chevrolet Camaro ce ƙirar 1979, injin 350 mai silinda takwas, wato lita 5.7, da giya mai sarrafa kanta ta TH350. Da ita nake zuwa aiki sau biyu ko uku a mako a nan yankin Dallas da ke jihar Texas ta Amurka, in kuma an buɗe fili ga kowa a Texas Motorplex da ke Ennis, sai in je in gwada ƙarfinta a tseren rubu'in mil, mita 402 ke nan a miƙe. Kamshaf ɗin da ke cikinta yanzu, wato sandar ƙarfen da ke juyawa cikin injin tana buɗe bawuloli tana rufe su, XE268H ne na kamfanin Comp Cams.

Sai dai kafin shi na yi wauta. Wani mutum ya sayar mini da ƙaton kamshaf a araha, wai ya fasa aikin da ya saye shi dominsa. Abin da ya ja ni ƙara ce kawai, irin gurnanin nan da injin ke yi a silo kamar zai mutu amma bai mutu ba, mota tana ta girgiza. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Digiri 250 yake riƙe bawul a buɗe, injina kuwa bai da matsin da zai ɗauki haka. A fitilar hanya sai in riƙa taka birki da ƙafar hagu ina ɗan ba da totur da dama don kar ta mutu. Birkin kansa ya yi tauri kamar dutse, domin na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi da zuƙar iskar injin take aiki, zuƙar kuwa ta faɗi zuwa wajen inci 8 a agogon gwaji. Uwargida ta shiga sau ɗaya, ta ce ba ta ƙara ba. A filin tsere kuma, inda nake zaton zan huce haushi, sai motar ta tashi a sanyaye, ba ta farka ba sai da aka kusa rabin hanya. Ƙara kamar jirgi, tafiya kamar ta ɗauko buhunan masara.

Wani dattijon bakanike da ke kusa da mu ne ya zaunar da ni. Bayaninsa a taƙaice: kamshaf mai dogon lokaci yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar mai, don haka a ƙananan juyi fistin yana mayar da wani ɓangare na cakuɗin baya, matsi ya ragu. Sannan akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke a buɗe tare. Idan ya yi yawa, hayaƙi na gauraya da sabon mai a silo. Gurnanin da nake so ɗin nan, alamar injin ne da ba ya numfashi daidai. Irin wannan kamshaf sai da matsi mai yawa, da kwanbata (abin da ke haɗa injin da giya mai sarrafa kanta) mai barin injin ya hau kafin mota ta motsa, da giyar baya mai gajeren zango. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya.

Shi XE268H lambobinsa masu kunya ne in ka ɗora su kusa da wancan. Digiri 224 a shiga, 230 a fita, idan an auna daga ɗagawar inci 0.050. Yana ɗaga bawul inci 0.477 da 0.480, tazarar tsakanin ƙusoshinsa, wato tudun da ke tura bawul, digiri 110, kamfanin kuma ya ce aikinsa daga juyi 1,600 zuwa 5,800 a minti. Na yi ta leƙen yayansa XE274H mai 230 da 236, zuciya na cewa ƙara kaɗan mana. Abin da ya hana ni shi ne kwanbata: na 268 yana zama da ta asali, na 274 kuwa sai ka sake wata.

Ga abin da na gani bayan an ɗaura. Silo ya zauna wajen juyi 750, da ɗan gurnani wanda mai kunne zai gane ba injin gida ba ne, amma ba ya mutuwa. Zuƙar iska ta dawo wajen inci 14, birki ya yi laushi. Daɗinsa yana tsakanin 2,500 da 5,500: ka taka, ta amsa nan take. A Ennis na rage fiye da rabin daƙiƙa a kan abin da nake yi da ƙaton, kuma yawancin ribar a tashin farko na same ta. Bayan 5,500 kam za ka ji numfashinsa ya fara ƙarewa. Wanda motarsa ta tsere ce zalla, a tirela yake kai ta fili, wannan zai yi masa kaɗan.

Abu biyu za su ci maka kuɗi ko lokaci, kuma gara ka sani tun wuri. Na farko, kawunan silinda na Vortec ne a injina, waɗanda GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ta fara sa wa manyan motocinta a 1996. Suna shaƙar iska da kyau, amma yadda suka fito daga masana'anta ba su da sararin ɗagawa mai yawa, 0.480 ya kai su bakin iyaka. Sai da aka auna, aka rage tsayin bututun da bawul ke bi, aka sake sifirin ɗin bawul. Kar ka yarda wani ya ce maka "ai zai shiga" ba tare da awo ba.

Na biyu, tafet ɗinsa, wato ƙarfen da ke zaune kan ƙusoshin kamshaf yana isar da turinsu ga bawul, mai shafaffen gindi ne, ba mai taya ba, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Tashin farko shi ne komai. Ka shafe ƙusoshin da man da ya zo da shi, ka zuba baƙin mai na musamman mai yawan sinadarin ZDDP da ke hana ƙarfe cinyewa, domin na zamani an rage masa shi. Da injin ya kama, kar ka bar shi a silo: riƙe shi tsakanin 2,000 da 2,500 na minti ashirin zuwa talatin, kana ɗan hawa da sauka. Ni dai ranar gumi na yi ta yi, ido a kan agogon zafi, maƙwabci yana leƙowa ta katanga. Daga nan ka zubar da man, ka sake filta. Har yau mai ZDDP nake zubawa.

Da injina na 1987 zuwa sama ne, irin wanda aka yi wa gurbin tafet mai taya, da ban tsaya wannan wahalar ba, mai taya zan saya. A tsohon injin irin nawa kuwa, kayan mayar da shi mai taya sun ninka kuɗin, shi ya sa na tsaya a nan. Kuɗin da ya rage na ajiye su ne don giyar baya ta 3.73, wadda nake sa ran ɗaurawa bayan Sallah.