Kafin ka sayi taki ko maganin feshi saboda ganyen shukar cikin gida

Yawancin Hausawan da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Obalende a Legas ba su da filin noma, amma da wuya ka shiga gidajensu ka rasa tukunyar na'a-na'a a bakin taga, ko bokitin tumatir da attaruhu a baranda. Da zarar ganye ya fara yin ɗorawa, abin da aka saba yi shi ne a nufi wurin masu sayar da furanni a bakin titi, a dawo da ƙullin taki ko kwalbar maganin feshi. A ganina a nan ne aka fi asarar kuɗi, domin abubuwa da dama ne ke sa ganye ya canja launi, kuma kaɗan daga cikinsu ne taki ke magancewa.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne ruwa da ƙasa. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya saba da ban ruwa safe da yamma, saboda a can rana da busasshiyar iska suna shanye damshi cikin sa'o'i kaɗan. A Legas iska cike take da laima, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, kuma tukunyar da ke cikin ɗaki tana iya kwana uku ko huɗu ba ta bushe ba. Idan saiwa ta daɗe cikin ruwa takan rasa iska ta fara ruɓewa, sai ganye ya yi laushi, ya sunkuya, ya yi ɗorawa, alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Mai shukar yakan ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa, ko ya ɗauka yunwa ce ya zuba taki, kuma dukkansu ƙara dagula lamarin suke yi. Ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan ka ji danshi, ka dakata. Idan ka zare shukar daga tukunya, lafiyayyiyar saiwa fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa launin ƙasa ce, tana sulɓi, tana wari.

Saboda haka sayayyar da ta fi muhimmanci ita ce tukunya da abin da za a cika ta da shi. Tukunyar yumɓu tana fitar da damshi ta jikinta, don haka ta fi dacewa da damina da kuma mai yawan ban ruwa, sai dai tana da nauyi kuma tana fashewa. Ta roba ta fi arha kuma tana riƙe ruwa, wanda ke da amfani a lokacin hunturu, amma tilas a huda gindinta a wurare da yawa. Baƙar ƙasar da ake sayarwa a buhu tana da ƙarfi, amma idan aka zuba ta ita kaɗai takan cushe bayan 'yan makonni, ruwa ya riƙa tsayawa a samanta. Garin ɓawon kwakwa, wanda ake sayarwa a dunƙule kamar bulo, yana sa ƙasa ta saki jiki, sai dai ba shi da abinci, kuma wani yana zuwa da gishiri, don haka a jiƙa shi a wanke kafin a yi amfani da shi. Haɗin da na fi yarda da shi shi ne kashi biyu na baƙar ƙasa, kashi ɗaya na garin kwakwa ko buntun shinkafa, da kashi ɗaya na takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai.

Bayan wannan sai kayan bincike, waɗanda mutane ke rainawa. Yawancin kayan lambu sun fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta, wato pH, yake tsakanin 6 da 7. Idan ya haura haka sosai, wato tsamin ƙasar ya yi ƙaranci, ƙarfe da wasu sinadarai suna nan a cikin ƙasa amma saiwa ba ta iya ɗaukarsu, kuma ko buhu guda na taki aka zuba ba zai canja komai ba. Ma'auni iri uku ne a kasuwa. Akwai mai ƙafafu biyu da ake sokawa a ƙasa, wanda ba ya amfani da batir, yana nuna damshi da haske da tsami; yana da arha, yana ɗan taimakawa wajen gane damshi, amma ban ba da shawarar a dogara da shi wajen tsami ba. Akwai na lantarki mai kama da alƙalami, wanda ya fi kowanne daidaito, sai dai yana buƙatar a riƙa saita shi da ruwan gwaji na musamman, kuma idan aka bar bakinsa ya bushe yakan lalace. Ga mai tukwane biyar ko goma, takardar gwaji mai canja launi ta wadatar: a dama ƙasa da ruwan sama daidai wa daida, a bari ya kwanta na rabin sa'a, a tsoma takardar, a gwada launinta da na jikin kwali. A gwada ruwan gida ma, domin ruwan rijiyar burtsatse ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuma a yankunan da ke kusa da teku kamar Lekki da Ajah yakan zo da gishiri, wanda ke ƙone bakin ganye. Wanda ke irin wannan wuri gara ya sayi duro ya tari ruwan sama.

Sai an tabbatar ruwa da tsami suna daidai sannan a yi maganar taki, kuma wurin da ɗorawar ta fara shi ke nuna abin da za a saya. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, sababbin sama kuma suna kore, naitirojin ne ya yi ƙaranci, domin shuka takan janye shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Idan tsohon ganye ya yi ɗorawa a tsakanin jijiyoyinsa, jijiyoyin kuma suka ci gaba da zama kore, maganiziyam ne. Idan irin wannan zane ya bayyana a sababbin ganyen sama, ƙarfe ne, kuma sau da yawa laifin ƙarancin tsamin ƙasa ne. Ƙonewar gefen tsohon ganye zagaye takan nuna ƙarancin fotashiyam.

Takin NPK 15-15-15, wanda ya haɗa naitirojin da fosfarus da fotashiyam, shi ya fi sauƙin samu, amma an yi shi ne don gona, kuma a cikin tukunya ƙaramin cokali guda da aka binne a gefe, nesa da kara, ya isa bokitin lita 10. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, ƙarfinta ya yi wa tukunya yawa, kuma ita ce ta fi saurin ƙone shuka. Takin ruwa na kwalba ya fi tsada idan aka kwatanta da yawansa, amma shi ya fi dacewa da cikin gida, saboda ana iya tsinka shi zuwa rabin abin da aka rubuta, a ga yadda shukar ta karɓa. Kashin kaji yana da kyau idan ya ruɓe, ɗanyensa kuwa yana ƙuna yana kuma jawo ƙudaje. Gishirin Epsom, wanda ake samu a kemis, yana maganin ƙarancin maganiziyam kaɗai, babban cokali guda a lita 4 na ruwa. Toka tana ba da fotashiyam, amma tana rage tsamin ƙasa, don haka wanda ganyensa ke nuna ƙarancin ƙarfe ya nisance ta. Idan kuwa tsinin ganye ya ƙone kuma farin ɓawo ya fito a saman ƙasa, taki ne ya yi yawa, kuma maganinsa shi ne a kwarara ruwa mai tsabta ninki biyu ko uku na girman tukunyar har ya tsiyaye ta ƙasa. Ganyen da ya riga ya lalace ba ya komawa kore, don haka sabon toho ake dubawa a gane ko gyaran ya yi aiki.

Game da ƙwari, ƙaramin madubin hannu mai ƙara girma sau 10 ya fi kwalaben feshi da yawa amfani. Ka juya ganyen ka dubi bayansa. Ɗige-ɗige fari-fari a sama da siririyar yanar gizo a ƙasa aikin ƙananan gizo-gizo ne, waɗanda ke yawaita idan iska ta bushe a Disamba da Janairu. Fararen ƙudaje ƙanana da ke tashi idan aka girgiza shuka, da darɓa mai barin danƙo a ganye, da ƙwaron da ke taruwa kamar auduga a hammatar reshe, duk tsotson ruwan shuka suke yi. Farar hanya mai faɗi a cikin naman ganyen tumatir kuwa takan zama ɓarnar tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta lalata gonakin tumatir a Kaduna da Kano a 2016.

Ga masu tsotso, ruwan sabulu mai sauƙi yana kashe wanda ya taɓa ne kawai, don haka sai an maimaita. Man darbejiya ya fi shi daɗewa yana aiki, domin yana hana ƙwaro ci da girma. Ƙaramin cokali guda a litar ruwa da ɗigon sabulu, a fesa bayan ganye da yamma, a maimaita duk mako. A nemi wanda aka tatsa ba tare da an dafa ba, kuma a gwada a ganye biyu tukuna. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a kusanci shukar cikin gida da fiya-fiya ko Sniper. Sinadarin dichlorvos da ke cikinsu guba ne ga mai shaƙa da mai ci, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Duk maganin da za a saya a duba lambar rajistar hukumar, da adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinki ganye a ci.

Farin gari a saman ganye da tabo mai zobe alamun funfuna ne, kuma a nan cire ganyen da ya kamu, raba tukwane da juna, da daina jiƙa ganye da dare sun fi magani tasiri. Maganin funfuna mai ɗauke da jan ƙarfe yana kare lafiyayyen ganye ne kawai, kuma a waje ake fesa shi. Tumatirin da sababbin ganyensa suka ƙanƙance, suka murɗe sama, gefensu ya yi ɗorawa, yawanci cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce ta kama shi, kuma babu kwalbar da ke warkar da ita. A tumɓuke shi kafin ya shafi sauran.

Fitilar shuka ita ce ta ƙarshe a jerin sayayya. Shukar da ta yi tsawo siririya, ganyenta ya koɗe, tana karkata wajen taga, haske take nema. Tumatir da attaruhu suna buƙatar aƙalla sa'o'i 6 na rana kai tsaye, na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuwa suna jure abin da bai kai haka ba. Fitilar LED tana aiki, amma sai ta kasance a kunne sa'o'i 12 zuwa 16 a kullum, kuma da tsadar lantarki da yawan ɗaukewarsa a Legas, mayar da tukunyar zuwa barandar da ke kallon gabas ko yamma ya fi sauƙi ga mafi yawan gidaje.