Windy, manhajar da ke nuna inda iskar hunturu da ta damina ke karo

Jama'a duk wanda harkarsa ta shafi sama, manomi ne ko direban doguwar hanya, ya sauke Windy a wayarsa, kyauta ce sai in kana son ƙari ka biya. Wani ɗan ƙasar Cek, Ivo Lukačovič, ya kafa ta a 2014, kuma abin da ya sa na kamu da ita shi ne yadda take zana iska tana gudu a kan taswira ka gani da idonka.

Buɗe ta a watan Afrilu ko Mayu ka duba Najeriya da Nijar, za ka ga busasshiyar iska na gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ga mai laima tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, inda suka yi karo nan ne layin da masana ke ce wa ITD, danna shafin danshi wallahi kalar ma rabuwa take yi gida biyu. Layin nan a hankali yake hawa har ya wuce Agadez a Agusta, kuma ruwa ba a kansa yake zuba ba sai can ɗaruruwan kilomita kudu da shi inda laimar ta yi kauri, shi ya sa za ka ji gumi ya dame ka a Kano sati da sati amma ko yayyafi babu.

Sai ka ja ma'aunin tsayi na manhajar zuwa 700 hPa, wajen kilomita 3 sama, nan iska ke lanƙwasa tana mirginawa yamma, wasu daga cikin waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen in sun wuce Sanagal sun faɗa teku su zama mahaukaciyar guguwar da ke dukan Amurka, suna juyi saɓanin hannun agogo saboda juyawar duniya na karkata iska dama a rabin duniya na arewa inda muke.

Kar dai ka dogara da ita kan ƙarfe nawa ruwa zai sauka a unguwarku, hasashen ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, da take nunawa murabba'i-murabba'i yake lissafi na wajen kilomita 9, hadarin la'asar kuwa daga ƙananan hargitsin iska yake haɗuwa. In ka ga gabas ta yi baƙi gara ka buɗe shafin tauraron ɗan'adam ka bi gajimaren da kanka, amma fa yana shan data.