Daga Trello zuwa Notion ba tare da kwafa da hannu ba: Zapier, Make ko n8n?

Malama, tambayarki ta fito sarai. Ku bakwai ne a ofishinku na Gombe, kuna bin aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Akko da Dukku, kowace rijiya da katinta a Trello, manhajar bin aiki da katuna a kan allo, rahoton da kuke kai wa masu ba da tallafi kuma yana Notion, manhajar ajiye rubutu da bayanai. Duk ranar Juma'a mutum ɗaya ke zama yana kwafo abin da ya canza, wani abu ya kuɓuce masa, wani ya shiga sau biyu. Kin ce ana buɗe sabon kati ko a matsar da tsoho wajen sau 240 a wata, kina son sanin wanne ya fi dacewa cikin Zapier, Make da n8n, manhajojin da ke kwafar bayani daga wata manhaja zuwa wata da kansu.

Make za mu zaɓar muku, da sharaɗin bayani ya riƙa tafiya ta fuska ɗaya kawai, daga Trello zuwa Notion.

Duk ukun aiki ɗaya za su yi, mataki uku. Su lura an taɓa kati. Su duba rumbun Notion, wato teburin bayanan da ke ciki, ko katin yana da shafi. In yana da shi su gyara, in babu su buɗe. Matakin tsakiyar nan ne masu farawa ke tsallakewa, shi ya sa ake wayar gari a ga rijiya ɗaya da shafi biyar. Kada a yi binciken da sunan kati, domin yau an rubuta "Rijiyar Kumo", gobe wani ya mayar da shi "Kumo 2", injin ya ɗauka sabuwa ce. Kowane katin Trello yana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 24 wadda ba ta canzawa. A buɗe mata gurbi a rumbun Notion, da ita za a riƙa nema.

Zapier ya fi sauƙin koyo, babu jayayya. A zama ɗaya mutum zai haɗa abu ya ga yana aiki. Lissafinsa ma yana da daɗi: duba Trello da yake yi ba ya cin komai, tacewa ma haka, sai aikin da ya aiwatar ake ƙirgawa. Matsalar ita ce tsarinsa na kyauta aiki 100 ne a wata, kuma mataki biyu kacal yake yarda da su, wato abu ya faru, a yi abu ɗaya. Ku kuwa uku kuke buƙata. Nema da gyara sau 240 ya kai aiki 480, ke nan tun makon farko sai an fara biyan dala, a nemo katin banki da zai wuce, a kuma riƙa kallon farashin canji kowane wata. Ofishin da ke da wannan a kasafinsa ba laifi ya tsaya a nan.

Make, wanda ake kira Integromat kafin 2022, yana ba da aiki 1,000 a wata kyauta, kuma bai ƙayyade yawan matakai ba. Sai dai lissafinsa na da tarko: duk leƙen da ya yi wa Trello sai an cire ɗaya, ko da bai tarar da komai ba. In aka bar shi yana leƙawa duk minti 15, sau 96 ke nan a rana, 2,880 a wata. Kafin kwana goma sha ɗaya kason ya ƙare alhali bai gyara shafi ko ɗaya ba. Ko a mayar da shi duk awa, 720 ne, a haɗa da 480 na nema da gyara, an zarce. Dabarar tana cikin jadawalinsa: a sa ya leƙa duk awa daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Sau goma a rana, kwana 22, ya kama 220. Da 480 ɗin nan jimla 700, saura 300 na ko-ta-kwana. Abin da aka canza ranar Asabar zai jira safiyar Litinin, kuma ga mai rahoton mako wannan ba asara ba ce.

Wani zai ce a yi amfani da webhuk, wato Trello da kansa ya aiko da saƙo da zarar an taɓa kati, a huta da leƙe. Yana aiki, amma allon da aka ɗaura wa webhuk komai yake aikowa: sharhi, sa hoto, canza launin alama. Kowane saƙo sai ya ci ɗaya kafin matata ta jefar da shi. In ma'aikatanku masu yawan sharhi ne daga filin aiki, jadawalin awa ya fi araha.

n8n dabam ne. In kun ɗora shi a sabarku, wato kwamfutar da ke kunne a intanet dare da rana, babu kuɗin lasisi, babu mai ƙirga muku aiki, bayananku kuma ba sa ratsawa ta wani ɗan tsakiya. Amma kamar sayen janareta ne, kai ke da mai kai ke da gyara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora shi a kwamfutar ofis. An ɗauke wuta, batir ya mutu ko intanet ya yanke, Trello ya aiko da saƙo bai samu kowa ba. Zai sake gwadawa sau uku cikin 'yan mintuna, daga nan saƙon ya tafi ke nan, kuma babu mai sanar da ke. Dole a yi hayar ƙaramar saba mai adireshi tsayayye, a girka shi da Docker, manhajar girka irin waɗannan a saba, a samu mai sabunta shi da ajiye kwafin ayyukansa. In babu irin wannan mutum cikin ku bakwai, ranar da ɗan bautar ƙasan da ya haɗa muku ya gama shekararsa, shi ke nan.

Batun fuska ɗaya kuwa ya fi zaɓin manhaja muhimmanci. Da zarar an haɗa biyu, ɗaya daga Trello zuwa Notion ɗaya akasin haka, gyaran da na farko ya yi shi zai tayar da na biyu, na biyu ya gyara kati, na farko ya sake tashi. Haka za su yi ta kewaya har kason wata ya ƙare cikin yini. Ko an toshe wannan, saura rigimar wa ke da gaskiya in mutum biyu sun canza ranar gama aiki a wuri biyu. Ku raba gado tun farko: suna, matakin aiki, ranar gamawa da mai alhaki na Trello ne, kada kowa ya taɓa su a Notion. Bayanin rahoto, hotuna da sakamakon gwajin ruwa na Notion ne, injin bai da hurumi a kansu. Akwai manhajojin da aka gina domin tafiya da dawowa, irin su Unito, amma na biya ne, kuma aikinku bai kai nan ba.

Ga abubuwan da ke tsayar da aiki kowace manhaja aka ɗauka. Na farko, in ba a shiga rumbun Notion an ba haɗin manhajar izini a kansa ba, kuskure mai lamba 404 zai fito kamar rumbun bai wanzu ba. Na biyu, in gurbin matakin aiki nau'in Status ne, ba ya karɓar sunan da bai sani ba, saboda haka wanda ya canza sunan layi a Trello daga "Ana haƙa" zuwa "Haƙa" ya karya haɗin. Nau'in Select shi ƙirƙiro sabon zaɓi yake yi, sai ku tarar da biyu. Na uku, Notion ba ya karɓar rubutun da ya wuce haruffa 2,000 a guntu ɗaya, dogon bayanin kati sai an yanka shi. Sannan lokaci: Trello yana ajiye rana da agogon duniya, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. Katin da aka sa wa ƙarfe sha biyu na dare zai iya fitowa da kwanan jiya, a saita Africa/Lagos a wajen juya ranar.

Ranar farko kada a tura tsofaffin katuna gaba ɗaya. Notion buƙata uku yake ɗauka a daƙiƙa, in an matsa masa sai ya mayar da kuskure mai lamba 429. A fara da kati biyar a rumbun gwaji, a matsar da su, a canza wa ɗaya suna, a ga ko shafi ya ninku. Kati da aka kawar daga allo aka adana a Trello ba ya goge shafinsa na Notion, don haka a ƙara sharaɗi ya mayar da matakin zuwa "An rufe". A kunna saƙon imel na kuskure ya riƙa zuwa wa mutum biyu, kuma asusun Make ya kasance da imel ɗin ofis, ba na ma'aikaci ba.