Faifan kwamfuta na ta kuka a rahoton Linux: me ya kamata ka saya?

Duk mai kwamfutar Linux a shago ko ofis, wata rana zai buga dmesg ko journalctl -k, umarnin da ke nuna rahoton Linux, ya tarar da layuka suna maimaita kansu: ata1.00: exception Emask, sai failed command: READ FPDMA QUEUED, sai hard resetting link. Yawancin mutane a nan sai su cire faifan ajiyar su nufi Titin Beirut a Kano su sayo wani. Wani lokacin sun dace. Sau da yawa kuma ana ɗora sabon, kwana biyu saƙon ya dawo, domin tun farko ciwon ba a faifan yake ba. Kuɗinka zai tafi ne ga ɗaya daga cikin abu huɗu: waya, wuta, faifai mai juyawa, ko SSD, wato faifan da ba ya juyawa. Saƙon da kansa yana nuna wanne ne, in an tsaya an karanta.

Kafin ka je kasuwa, kwashe abin da ke ciki zuwa wani wuri. Idan kwafin yana tsayawa, yi amfani da ddrescue, domin shi yana tsallake wuraren da suka lalace ya dawo musu daga baya. Sannan ka buga smartctl -a /dev/sda (ka sa sunan faifanka a madadin sda in ya bambanta) ka duba lambobin SMART, wato lissafin da faifan ke yi wa lafiyar kansa.

Fara da mafi araha. Idan a saƙon ka ga ICRC ko BadCRC, kuma lamba ta 199 a jerin SMART tana hawa, to bayanai ne ke lalacewa a hanya tsakanin faifai da babban allon cikin kwamfuta (motherboard). Za ka ma ga Linux yana rage gudun layin daga 6.0 zuwa 3.0, har 1.5 Gbps. Wannan aikin wayar SATA ne, wadda ke haɗa su, ko bakin da ƙurar hunturu ta cika. Sayi waya mai ɗan makullin ƙarfe a baki, gajeriya, kada ka lanƙwasa ta sosai. Lamba ta 199 ba ta komawa sifili ko an gyara, saboda haka rubuta ta a takarda ka duba bayan mako guda. In ba ta motsa ba, ka huta.

Wuta ce ta biyu, kuma a Kano ita ce aka fi raina wa. Idan saƙon SATA link down ko PHYRdyChg yana zuwa ne daidai lokacin da aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareta, faifan yana mutuwa yana farfaɗowa ne. Lamba ta 192 tana ƙirga sau nawa aka kashe shi ba shiri. A nan UPS mai daidaita ƙarfin wuta ya fi maka sabon faifai amfani, domin sabon ma wahalar da zai sha ke nan. Ka kuma duba wayoyin raba wuta masu araha da ake jona faifai biyu ko uku a kai, suna yawan kawo wannan matsala.

Akwai wani salo da ke ruɗa mutane: saƙo yana fitowa duk bayan minti 30 cif. Wannan lokacin da smartd, manhajar da ke sa ido a kan SMART, ke leƙa faifan ne, in ba a canza masa tsari ba. Idan faifan a akwatin USB yake, ƙila akwatin ne bai iya isar da umarnin SMART ba. Gwada smartctl -d sat, in ya ƙi sai ka canza akwati. Kashe smartd don a sami shiru kamar toshe bakin majiyyaci ne, ban ba kowa wannan shawara ba.

Idan kuma ka ga UNC, ko I/O error da lambar wurin da ya kasa karantawa, kuma lambobi na 5, 197 ko 198, masu ƙirga wuraren da suka lalace, sun bar sifili, to faifan ne. Kada kalmar PASSED da smartctl ke nunawa ta rufe maka ido. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari kan faifai sama da 100,000, suka gano wanda aka fara samun kuskure a binciken fuskarsa ya ninka lafiyayye sau 39 a yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sun kuma gano kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar SMART ko ɗaya ba. Wanda ya yi maka gargaɗi, ka gode wa Allah ka canza shi.

Yanzu ga zaɓi. Faifan hannu, wanda ake cirowa daga kwamfutocin tokumbo, shi ne ya fi yawa a kasuwa kuma shi ne ya fi jan hankali saboda farashi. Ban ce kada a saya ba, amma kada a saya a makance. Je da kwamfutarka ko filashi mai Linux, ka ce wa mai shago: «Alhaji, a ba ni in gwada tukuna.» Duba lamba ta 9, awannin da ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, saboda haka wanda ke nuna 35,000 ya yi kusan shekara huɗu yana juyawa ba hutu. Wanda ya tsufa a jiki amma yana nuna awa goma kacal, shi ya fi ba ni tsoro, domin ana iya goge lissafin. A farkon 2025 mujallar heise ta Jamus ta ba da rahoton faifan Seagate da suka yi dubban awanni ana sayar da su a matsayin sababbi bayan an goge musu SMART. Abin da ya tona asirin shi ne wani lissafi na daban mai suna FARM, kuma smartctl daga sigar 7.4 yana karanta shi da -l farm a faifan da ke da shi. Araha ba ta ado: faifan hannu ya dace da ajiye kwafi na biyu, ba da riƙe takardun mutane ba.

Sabon faifai mai juyawa har yanzu ya fi SSD sauƙin kuɗi ga mai buƙatar wuri da yawa, kamar masu tace finafinai na Titin Zoo. Tambayi ko CMR ne ko SMR, wato salon da yake jera rubutu. Na SMR yana jera layukan rubutu a kan juna, sai ya yi nauyi ƙwarai idan rubutu ya yi yawa, har Linux ya gaji da jira ya fara sake kunna layin, ka ɗauka ya lalace. WD Red Plus da Seagate IronWolf na CMR ne. Don kyamarar tsaro akwai WD Purple da SkyHawk, waɗanda aka ƙera don rubutu dare da rana. Sai zafi: yawancin faifan tebur iyakarsu digiri 60 ne, kuma a watan Afrilu garin nan yana haura 40 a inuwa, balle cikin akwati a shagon kwano. Fanka ɗaya a gaban faifan, ka riƙa duba lamba ta 194.

Ga mai shagon buga takardu ko rajistar jarrabawa, ni SSD zan zaɓa. Ba abin da ke juyawa a ciki, jijjiga ba ta damunsa, kuma kwamfutar za ta yi sauri nan take. Aibinsa biyu ne. Yakan mutu farat ɗaya ba sallama, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Duba adadin rubutun da kamfani ya lamunce: Samsung 870 EVO mai 500GB an ba shi terabait 300 da garantin shekara 5. Wanda ba shi da suna, ba shi da wannan adadi a kwali, kuma farashinsa ya faɗi ƙasa da hankali, bar shi. Manhajar f3probe tana gano mai ƙaryar girma, amma yi gwajin kafin ka zuba komai a ciki.

Ko wanne ka ɗauka, sa mai shago ya rubuta lambar jikin faifan a rasit, ka gwada ta da abin da smartctl -i ya nuna, ku kuma yi magana a kan kwanakin da za ka iya mayarwa. Da ka isa gida ka kunna smartctl -t long. Yana cin awanni a babban faifai, saboda haka fara shi lokacin da ka san wuta za ta zauna, kuma kada tsohon faifan ya bar hannunka sai sakamakon ya fito Completed without error.